Inshorar Londiwe da Faɗuwar Kawu Dumisa

Durban, 9 ga Maris

Yaya Lungelo,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, teku kuma ba ta juya maka ciki. Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan ciwon kafaɗa da bai hana ni aiki ba. Na san saƙon murya ba ya sauka a wayarka a cikin jirgin nan, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Kawu Dumisa ya faɗi ranar Asabar ɗin da ta wuce. Yana raye, yana magana, har faɗa yake yi da ma'aikatan jinya, saboda haka ka kwantar da hankalinka. Amma kwatangwalonsa na hagu ya karye a daidai mahaɗa. An kai shi asibitin gwamnati sun sa masa ƙarfe sun riƙe ƙashin. Likita ya ce ƙarfen na ɗan lokaci ne. Mahaɗar ta daɗe da cinyewa, tun shekarun da ya yi yana tuƙa motar rake, sai an canza ta gaba ɗaya kafin ya sake tafiya. Sun sa sunansa a layi. Da na tambayi tsawon layin, matar da ke rubutu ko kai ba ta ɗago ba, ta ce in sa rai da shekara ɗaya da rabi. A asibitin kuɗi aikin sati ɗaya ne, amma ka san ba irinmu ake kaiwa can ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Lokacin Kirsimeti da na je gida Eshowe, na ga yadda yake dafa bango kafin ya miƙe daga kujera. Sai na bar masa robar motsa jiki guda ɗaya, na nuna masa yadda zai ɗaure ta a ginshiƙin baranda ya ja da ƙafa, ya kuma riƙa hawa da sauka a matakalar ƙofar kicin, sau goma kowace ƙafa. Duk Asabar da safe nakan kira shi ta bidiyo, yana yi ina ƙirga masa, yana ce mini na fi sojan bariki mugunta. Asabar ɗin nan wata sabuwar kwastoma ta nemi lokacin safe a bakin teku, na karɓa, ban kira shi ba. Ya fita ya yi shi kaɗai. Raɓa ta jiƙa matakalar, robar ta fizge shi. A ƙasa ya kwanta har matarsa Mama Thembeka ta dawo daga shago ta same shi.

Laifina ne, Yaya. Ni na ba shi robar, ni na nuna masa matakalar, ni ce kuma ban kira ba. Shekara shida ina horar da mutane, ba wanda ya taɓa ko targaɗe a hannuna, sai mutumin da ya rene mu.

Zan je gida ƙarshen wata idan an sallame shi. Ka rubuto idan ka samu sarari daga naɗe tawul ɗin masu kuɗi.

Ƙanwarka,
Londiwe

*

Cikin jirgi, kusa da Barbados, 14 ga Maris

Mai Damtse,

Na gaishe ki, na kuma gaida kafaɗar. Ni lafiya nake, sai dai ƙafafu, ɗakuna goma sha takwas nake gyarawa kullum, kuma wannan zuwan mun kwaso tsofaffi masu zubar da shayi a kan gado. Wasiƙarki a ɗakin ajiyar zannuwa na karanta ta, na rufe ƙofa na yi kukana na wanke fuska na fito. Kawu da ko mura ba ta kwantar da shi.

Amma da na sake karantawa sai na ga haske a cikinta, kuma na yi mamaki da ke ba ki gan shi ba. Kin tuna a Disamba kina ta mita a kan inshorar da gidan motsa jikin nan suka tilasta muku, ku masu zaman kanku, kafin su bari ku shiga da kwastomominku? Na tambaye ki amfaninta, kika ce mini idan wani ya ji rauni a hannunki, kamfanin ne zai biya asibiti. Na ma yi miki dariya na ce kina biyan kuɗin abin da ba zai faru ba. To ga shi ya faru. Ke kika ba shi robar, ke kika tsara masa motsin, kuma da hannunki kika rubuta cewa laifinki ne. Me ya rage? Akwai wani da muke aiki tare, ɗan Gqeberha, gwaggonsa ta zame a wani kanti, inshorar kantin ce ta yi mata aikin gwiwa a asibitin da ake ba majinyaci takardar zaɓen abinci.

Jiya da muka tsaya a tashar jirgi na samu layi na kira Mama Thembeka. Da kin ji muryarta da farko, kamar wadda aka yi wa rasuwa. Na ce ta share hawayenta, Londi tana da inshora, Kawu ba zai jira shekara da rabi ba. Sai da ta ajiye wayar ta yi guɗa.

Ba sai na tuna miki ko waye Kawu ba. Lokacin da Mama ta rasu ina da shekara tara, ke ko zama ba ki fara ba. Dangin babanmu suka ce ba su da wuri. Ƙanin Mama ne kawai ya zo da motar rake ya kwashe mu. Yau Allah ya sa maganin ciwonsa a cikin jakarki.

Ki je ofishinsu gobe-gobe. Kada ki tsaya wannan dogon nazarin naki. Ki gaida tsofaffin matan da kike sa su tsalle a bakin teku.

Yayanki,
Lungelo

*

Durban, 30 ga Maris

Yaya Lungelo,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafafun sun yi sauƙi. Ni kafaɗa ta warke. An sallami Kawu, yana gida, ciwon yana tashi da sanyin safiya amma yana cin abinci. Na jinkirta amsa ne don ina so in gama fahimtar komai kafin in yi maka magana, kuma don da na rubuta a ranar da na karanta taka, da ba mu sake gaisawa ba.

Da na ce laifina ne, da yayana nake magana, ba da lauya ba. Amma na je. Misis Chetty, wadda ta yi mini inshorar tun farko, ta zaunar da ni, ta buɗe takardar ta bi da ni layi-layi da bakin biro. Ban ce mata Kawu ba ne, na ce wata abokiyar sana'a ce ta aiko ni tambaya. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ci gaba.

Inshorar ba ta biyan ɗan uwa na jini, ko wanda ka tashi a gidansa. Ba ta biyan horon da aka yi ta waya, wannan wata inshora ce daban da ban saya ba. Dole wanda ya ji raunin ya zama kwastoma da ya cike takardar lafiyarsa kafin a fara, kuma dole in kasance a wurin lokacin da abin ya faru. Bayan duk wannan, ba haka kawai suke biya ba. Sai shi mai raunin ya rubuta cewa ni na yi sakaci na jawo masa, yana neman hakkinsa a kaina. Wato sai Kawu ya kai ƙarata.

Na tambaye ta, to idan abokiyar tawa ta ɗan gyara labarin fa? Ta rufe fayil ɗin. Ta ce suna da masu bincike da ba su da wani aiki sai wannan. Idan aka kama mutum, za a soke inshorarsa, kuma duk kamfanin da ya je nan gaba tambayar farko a fom ɗinsu ita ce ko an taɓa soke maka inshora. Wani lokaci har 'yan sanda. Ka sani ni ba ma'aikaciyar gidan motsa jikin ba ce, hayar wuri nake yi. Ranar da takardar inshorata ta mutu, ranar katina zai daina buɗe ƙofa. A bakin teku ma ba a ba da izinin horar da jama'a sai da ita.

Da wannan nauyin na shiga motar Eshowe ranar Juma'a, da niyyar in faɗa musu gaskiya. Ban kai ga ajiye jaka ba matan coci suka cika falo. Mama Thembeka ta riga ta ba da shaida a gaban jama'a ranar Lahadi cewa Allah ya buɗe hanya ta hannun 'yarsu ta Durban. Suna ta riƙe hannuna suna sa mini albarka. Wata ta kawo kaza da ranta. An mayar da gadon Kawu falo saboda ƙofar ɗakinsa ba ta ɗaukar keken guragu, yana kwance yana kallon mu, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na dama masa tuwon masara da nono, ya ci cokali huɗu ya ce in daina kallonsa kamar gawa.

Bayan sun watse na ja Mama Thembeka kicin na yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe tana goge tukunya ɗaya. Sannan ta ce, "Shi sunan zuriyarsa Zungu, ke naki Mthethwa. Wa zai san kawunki ne idan ba mu muka faɗa ba?" Ta ce ita ke juya shi, ita ke zubar da fo, bayanta ya fara ciwo, kuma likita ya gaya mata a ɓoye cewa tsofaffi da yawa ba sa kai ƙarshen layin nan. Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

Ga inda ka ajiye ni, Yaya. Idan na yi shiru, ni ce 'yar da ta karya shi kuma ta hana shi magani. Idan na yi ƙarya, sana'ata ce a cikin haɗari, ita ce kuma take sayen maganin da yake sha yanzu. Kai ka buɗe wannan ƙofar. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Londiwe

*

Cikin jirgi, 2 ga Afrilu

Londi,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Na karanta duka. Tunda haka ne, ki bar shi kawai. Ki riƙe aikinki. Ni zan san abin yi. Yanzu za mu tashi tsallaka teku zuwa Turai, ana kirana.

Lungelo

*

Durban, 3 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau tunda ka tambaya, ko da yake ba ka tambaya ba.

Shafi uku na rubuta maka, ka amsa da layi uku. In bar shi kawai. In riƙe aikina. Na karanta a tsakanin kwastoma da kwastoma, na shiga ɗakin canza kaya na zauna a benci har wadda nake jira ta zo tana ƙwanƙwasa mini.

Da ka fito ka ce mini mai son kanta, da ya fi mini. Kai da kake can kan ruwa, ba ka taɓa jin warin ɗakin nan ba, ba ka ga yadda yake kama ƙarfen gado idan za a juya shi ba, kai ne za ka ce mini in bar shi in rungumi aikina, kai za ka san abin yi? Me za ka yi daga tsakiyar teku? Ni ce nake hawa mota awa biyu da rabi duk Juma'a. Ni ce nake soke kwastomomin Asabar, har biyu sun koma wurin wani mai faffaɗan ƙirji da ba shi da kawu. Ban taɓa cewa zan bar shi ba. Tambayarka na yi.

To na ji. Ba zan bar shi ba. Zan yi abin da ku duka kuke so. Na ɗauko takardar lafiya irin wadda sabon kwastoma yake cikewa, zan sa mata kwanan watan Janairu, in kai masa ya sa hannu. Zan ce duk Asabar nake zuwa Eshowe ina horar da wani dattijo mai suna Dumisa Zungu, yana biyana a hannu, kuma ranar nan ina tsaye kusa da shi na ɗaura robar ban duba ƙullin ba. Wani lauya a garin ya ce zai rubuta takardar ƙarar, ba zai karɓi komai ba sai an biya.

Idan ta yi kyau, ka ce dabararka ce. Idan ta ɓaci, kada ka ce ban faɗa maka ba.

Londiwe

*

Durban, 17 ga Afrilu

Yaya Lungelo,

Ina gaishe ka, da fatan kun sauka lafiya, idan kun sauka. Sati biyu ke nan ba ko layi ɗaya. Na duba inda jirginku yake, na ga ya isa tun makon jiya, saboda haka na san ba teku ce ta riƙe ka ba. Idan fushi kake, ka yi, amma ga labari.

Kawu yana nan yadda yake. Wani ɗan gyambo ya fito masa a baya saboda kwanciya, ana sa magani.

Na miƙa fom ɗin ranar tara ga wata. Misis Chetty ta karanta sunan garin, ta karanta kwanan watan, ta tambaye ni sau ɗaya ko na tabbata ina so ta aika. Na ce e. Ta buga hatimi ba ta ƙara kallona ba.

Kawu bai so ya sa hannu ba. Lauyan ya karanta masa da Turanci da sauri, Mama Thembeka ta ce masa takardar asibiti ce, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa. Ya dube ni, na gyaɗa kai, ya sa. Daga baya sai da muka gaya masa wani abu, domin kamfanin ya ce zai turo mutum ya yi masa tambayoyi. Mama Thembeka ta zauna a gefen gado tana koya masa kamar mai shirin jarrabawa. Sunana Koci Londiwe. A coci aka ba shi lambata. Ba mu haɗa komai ba. Ta cire hotunana daga bango ta tura ƙarƙashin katifarta, har da na ranar da na gama makaranta. Ya maimaita sau biyu, sannan ya juya fuska bango ya ce barci yake ji.

Tun ranar ba na iya ƙirga wa kwastoma daidai. Jiya na sa wata baiwar Allah ta yi ashirin a maimakon goma sha biyu. Duk wanda ya shigo da riga mai kwala sai gabana ya faɗi. Mai binciken zai je ranar Talata.

Ka rubuto, ko da zagi ne.

Londiwe

*

Barcelona, 24 ga Afrilu

Londi ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ki kafin komai ya faru. Ban da lafiya sosai amma na miƙe. Ciwon ciki ya ɓarke a jirgi muna tsakiyar teku, ya kama fasinjoji ya kama mu. Rabin ma'aikata suka kwanta, mu da muka rage muka riƙa aikin mutum uku, sannan ni ma ya kayar da ni. Kwana tara aka kulle ni a ɗaki a can ƙasan jirgi, inda waya ba ta kama komai. Yau na fito gari na zauna a wani shagon shayi, wasiƙunki biyu suka sauka tare. 

Londi, zancen na ce ki bari. Zancen inshorar. Ki bar shi, wato ki bar maganar, kada ki taɓa fom ɗin, ki riƙe aikinki. Ta yaya zan ce ki bar Kawu? Ina tsaye a matakalar jirgi na rubuta, shugabanmu yana daka mini tsawa, na ɗauka kin gane. Da na karanta dogon bayaninki kunya ce ta kama ni. Ni na kira Mama Thembeka ban tambaye ki ba, ni na ɗauki kukan da kika yi mini na mayar da shi takardar kotu. Ban san yadda zan ba ki haƙuri a layi uku ba, sai na rubuta abin da na rubuta.

Abin da na ce zan yi kuwa na riga na yi. Kafin mu tashi na sa hannu na ƙara kwantiragina. Ba zan zo gida a Yuli ba, ba zan zo Kirsimeti ba, sai Maris na baɗi. Duk abin da na samu zan tara don aikin Kawu. Ba zai isa da wuri ba, amma zai iya rage jiran. Yanzu ko na so in fasa ba dama, wanda ya karya kwantiragi shi zai kai kansa gida kuma ba za su sake ɗaukarsa ba.

Ki je wurin matar nan yau. Ki ce kin janye. Ki ce ruɗewa kika yi, ki ce yayanki ne ya zuga ki, ki nuna mata wasiƙata ta farko, na yarda. Talatar da kika ce, wacce ce? Idan ta mako mai zuwa ce akwai lokaci. Idan wadda ta wuce ce, ki faɗa mini abin da ya faru, kada ki ɓoye mini.

Zan zauna a shagon nan har lokacin komawa jirgi ko za ki amsa.

Yayanki da ya yi miki laifi,
Lungelo

*

Eshowe, 21 ga Mayu

Yaya Lungelo,

Ina gaishe ka da kyau, ya ƙarfin jiki? Ka riƙa shan ruwa da yawa, ka daina cin ragowar abincin fasinjoji. Ni lafiya nake. Kawu gyambon ya rufe. Mama Thembeka bayanta ya yi sauƙi tunda na karɓi juyin. An fara ƙona gonakin rake, toka tana sauka a kan shanya, sanyi kuma ya shigo.

Na ga kiranka duka, na ga saƙonninka. Ba fushi ya hana ni amsawa ba. Wasiƙarka ta same ni kwana biyu bayan Talatar, na karanta, na koma na karanta layi ukun nan naka, na ga yadda suke tun farko. Na daɗe ban san wanda zan ji haushi ba, sai na yi shiru.

Ba na nan lokacin da mai binciken ya zo, an ce kada in kasance. Mama Thembeka ce ta ba ni labari. Ta ce mutum ne mai ladabi, ɗan wajen Empangeni, ya cire hula, ya gaida Kawu da sunan zuriyarsa, ya karɓi shayi. Ya tambayi yadda aka faɗi, Kawu ya faɗa. Ya tambayi inda ya samu lambar Koci Londiwe, Kawu ya ce a coci. Komai yana tafiya. Sai mutumin ya ciro takardar lauya ya ce doka ta sa ya karanta masa da harshensa don ya tabbatar maganarsa ce. Ya karanta a hankali. Cewa Londiwe Mthethwa ta yi sakaci, ba ta san aikinta ba, ta jefa rayuwarsa cikin haɗari don neman kuɗi, kuma yana neman a hukunta ta da biyan diyya.

Ta ce Kawu ya sa a ɗaga shi zaune. Ya tambayi mutumin wa ya faɗi wannan. Mutumin ya nuna masa sa hannunsa.

Kawu ya ce, "Yarinyar nan a cikin kwalin sabulu ta yi barcinta na farko a gidan nan, don ba mu da gadon jariri. Ni na yi ta yawo da ita a kafaɗa lokacin da take haƙori. Rubuta cewa 'yata ce. Rubuta cewa ni na fita na taka raɓa da ƙafata, ita tana Durban tana neman abin da za mu ci."

Mutumin ya rubuta. Mama Thembeka ta ce kafin ya tafi ya tsaya a baranda ya ce mata dama sun riga sun san ina Durban a ranar, domin katina ya buɗe ƙofar gidan motsa jiki da ƙarfe tara. Ya ce zai rubuta cewa dattijon bai san abin da ya sa wa hannu ba.

Na je wurin Misis Chetty kamar yadda ka ce, amma ban nuna mata wasiƙarka ba, ni na cike fom ɗin ba kai ba. Ta yi mini ƙoƙari. Ba su kai ni wurin 'yan sanda ba. Sun soke inshorar. Ranar biyu ga wata na sa katina a ƙofa ya nuna ja, manajan ya fito da kayana a leda, ya ce ba shi da yadda zai yi. Na gwada kamfani huɗu. Tambayar tana nan a shafin farko kamar yadda ta faɗa, kuma na gaji da ƙarya. Ɗaya ya ce in dawo bayan shekara biyar. Wasu kwastomomi sun ce in riƙa zuwa gidajensu a ɓoye, na yi sau biyu, amma duk lokacin da mace ta ɗaga ƙarfe sama da kanta sai in tuna ba ni da inshora. Na saki ɗakina na dawo gida.

Kada ka karya kwantiraginka. Yanzu kai kaɗai ne mai albashi a gidan nan. Ka zauna a ruwanka, ni in zauna a nan, sunan Kawu kuma yana layi.

Matan coci sun daina zuwa da yawa. Ni da Mama Thembeka muna aiki tare kamar ba abin da ya faru. Asibiti sun ba mu ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, sun nuna mini motsin da zai yi don kada naman ƙafar ya mutu kafin a kira shi. Wannan ko ba inshora zan iya.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kawu bai san na rasa aikin ba. Ya ɗauka da ya faɗi gaskiya magana ta ƙare, an yafe, kowa ya koma harkarsa. Na ce masa hutu na ɗauka. Idan ka kira, kada bakinka ya suɓuce.

Makon jiya ya tambaye ni yaushe hutun zai ƙare, ya ce ba ya so masu kuɗin Durban su sami wani kocin saboda shi. Ban shirya amsa ba, sai na ce ba zan koma ba sai ranar da ya taka daga gadonsa zuwa ƙofar falo da kansa. Na faɗa ne don na ga akwai nisa, na ɗauka ba zai kai ba. Tun ranar ba ya jira in tashe shi. Gari na wayewa zan ji ƙarar ƙarfen a kan siminti. Yana yi yana gumi cikin wannan sanyin, idan na ce ya isa sai ya ce in matsa masa daga hanya, yana da 'yar da zai sallama ta koma aiki.

Ranar Litinin ya kai ƙarshen tabarma. Jiya ya wuce teburin rediyo. Na auna da ido, saura taku shida.

Ina tsaye a bayansa, hannuna a ƙugunsa, ina ƙirga masa, Yaya, kuma ban san abin da zan ce masa ba ranar da ya taɓa ƙofar.

Ƙanwarka,
Londiwe